Akushin da Ya Dawo Ba a Taɓa Ba

Da sunan Allah, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Sunana Hanne, ina aure a wani ƙauye ta wajen Kafin Dafga, a ƙasar Karaye. Maigidana magatakardan dagacin garinmu ne. Kowa Magatakarda yake ce masa, ni kuwa Malam. Shi ya koya mini boko da hannunsa a farkon aurenmu, ga shi yau da bokon nan zan tona masa asiri. Ya sani, ya kuma yarda, bayan ya ja tsaki sau biyu. Abin ya faru ne wajen ƙarshen shekarun tamanin, kuma ina rubuta shi saboda matan da wata rana za a faɗa wa mazansu abin da aka faɗa wa nawa.

Da wuyansa na fara lura. Bayan wuyan ya yi baƙi ya yi kauri, kamar an goga masa gindin tukunya. Na ɗauka dauɗa ce, na sayo sabon soso na ajiye masa a banɗaki ban ce komai ba. Ya dirje har ya saɓule, baƙin yana nan. Sai barci ya biyo baya: yana gama tuwon rana sai gyangyaɗi, har a zauren dagaci da alƙalami a hannu. Tumbi kuwa dama ya daɗe da tsere wa mai shi. Daga baya maruru ya fito masa a cinya ya yi sati uku yana ruwa. Ba abin da ya kwantar da shi. Da ma ya kwanta da ya fi mini sauƙi, don mutanenmu sun san yadda ake jinyar wanda ya kwanta, wanda ke yawo da ƙafarsa ne ba su san yadda za su yi da shi ba.

Marurun ne ya kai shi ɗakin shan magani. Da ya dawo ya ce malamin asibitin ya tambaye shi ko akwai mai ciwon sukari a danginsu, ya kuma ba shi takarda zuwa birni. Mahaifin Malam a gidan nan ya rasu, bayan sukari ya ci masa ƙafa tun daga yatsu har gwiwa. Ni na yi jinyarsa, ni nake wanke tsummokaran da ake ɗaure masa. Warin nan har yau in na tuna sai na ajiye abin da nake ci. Na ce wa Malam ƙafata ƙafarsa, ba zan zauna a gida a kawo mini rabin labari ba.

Muka sayar da akuya, muka hau a-kori-kura zuwa Karaye, daga nan bas zuwa Kano. An ce kada ya ci komai, bai ci ba. Ranar farko a layin kati ta ƙare, kafin a zo kanmu masu ɗibar jini sun tashi. Muka kwana gidan wani ɗan'uwansa. Kashegari aka ɗebi jinin, sannan aka miƙo masa kofi cike da ruwan zaƙi aka ce ya shanye. Ya dube ni na dube shi. Mun zo gudun sukari, ga shi ana ɗura masa. Muka yi awa biyu a kan benci, yunwa na cinsa, ni ƙafafuna sun kumbura, aka sake ɗiba. Sai rana ta uku muka ga likita.

Likitan yaro ne, bai fi ɗanmu na fari ba, amma maganarsa ta zauna mini daram. Ya ce, “Baba, ciwon bai shigo ba tukuna. Yana bakin ƙofa, ya yi sallama. In ka ce masa bismillah zai shigo, kuma in ya shigo ba ya fita.”

Malam ya ce, “To a ba ni maganin korarsa.”

“Babu ƙwaya, Baba. Ka raba tuwonka biyu ka bar rabi, miya da ganye su fi yawa. Ka bar sukari da mazarƙwaila da rake. Ka riƙa tafiya a ƙasa kullum har ka yi gumi. Bayan wata uku ka dawo.” Sai ya juyo gare ni. “Iya, maganin nan a madafarki yake.”

Malam ya fito yana ƙunƙuni, wai kwana uku da akuya guda, ko ƙwaya ɗaya ba a ba mutum ba. A cikin mota, muna dab da Karaye, ya sunkuyo ya ce, “Hanne, kada wanda ya ji.” Na tambaye shi dalili. Ya ce mai aikin sarauta ba ya ciwo. Ranar da aka ji ba shi da lafiya, ranar za a fara gaida wanda zai gaje shi, ga yaran sakandare nan sun cika gari suna neman abin yi. Kuma wai za a ce kwaɗayi ne ya ja masa. Na ce to. Wannan “to” ɗin ita ce babban kuskuren da na yi, kuma ba mu muka biya shi ba.

Satin farko na cikin gida ne. Mutumin da ke jefa ƙwayar sukari shida a shayi aka miƙa wa shayi salam. In ka ga fuskarsa ka rantse ni na ƙirƙiro ciwon. Na koma ɗora tukunya biyu, ta yara da tasa. In tsinko zogale, in gyara rama, in daka ƙuli-ƙuli in yi kwaɗo, in kai masa ya ɗaga murfi ya ce, “Yau ma akuya aka mai da ni?” Yayarsa kaɗai ya yarda a gaya wa, Yaya Binta, ta zo daga Kurugu da ƙunshin sassaƙen maɗaci da shuwaka da garafuni, ta ce ɗaci ne maganin zaƙi. Ya sha kwana biyu, ya yi kwana biyu yana zarya bayan gida. Da za ta tafi ta bar masa kwalbar zuma, wai ita ba sukari ba ce. Na ɓoye ta a ƙarƙashin gado. Ina gode wa Yaya, don da zuciya ɗaya ta zo, amma ta bar ni da wanki.

Sati na biyu aka shiga maganar tafiya. Malam ya jingine babur ya fita a ƙasa bayan sallar asuba. Bai kai bakin kasuwa ba sai da mutum huɗu suka tsaya. Wannan ya ce, “Magatakarda, babur ɗin ne ya lalace?” Wancan ya sauka daga kekensa ya rantse sai ya hau. Mai amalanke ma ya tsaya. Tunda ba zai faɗi dalili ba, kunya ta sa ya hau bayan wani aka dawo da shi har ƙofar gida. Daga ranar ya koma bin bayan gari ta cikin gonaki, kamar wanda ya saci kaza.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen ciyayya.

Gida huɗu ne a layinmu, kuma fiye da shekara ashirin mazansu tare suke cin tuwon dare. Bayan magariba a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Alhaji Garba, kowane gida ya fitar da akushinsa, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu a kowanne. Ba a tsallake akushin wani. Alhaji Garba maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya, ɗan kasuwar mazarƙwaila, yana da fadamar rake ta wajen Zoza. Shi da Malam tare aka yi musu kaciya. Matarsa Hajiya Kande aminiyata ce, ita ta riƙe ni a haihuwata ta fari, har 'yar ƙofa aka fasa mana a katanga don kada mu riƙa zagayawa. Hajiya ba ta iya ƙaramin girki ba. Tuwon shinkafa malmala kamar kan jariri, sai ƙwaryar fura da aka dama da mazarƙwaila, sannan a kawo rake a fere.

To mutumin da aka ce ya ci rabin malmala, yaya zai yi da akushi huɗu? Dabarar da Malam ya yi ita ce ya ɗan taɓa namu, ya ɗan taɓa na dawa daga sauran gidajen, in an zo kan shinkafar Alhaji da furarsa sai ya ce, “Alhamdu lillahi, na ƙoshi.” Ni na ba shi shawarar, ina ganin na yi wayo.

Abin da ban lissafa ba shi ne shari'ar fadama. Kwana kaɗan kafin tafiyarmu birni, dagaci ya raba gardamar iyaka tsakanin Alhaji da wani ɗan'uwansa, Alhaji bai samu yadda yake so ba, kuma Malam ne ya rubuta takardar. A wajenmu in mutum ya daina cin abincin gidanka bayan an yi shari'a, ba ya bukatar ya yi bayani. Ana ɗauka tsoro yake ji kada a zuba masa wani abu.

A sati na huɗu akushina ya dawo a rufe. Na ɗaga murfi na ga tuwo yadda na kwashe shi, ko shatin yatsa babu. Na ce ƙila sun ƙoshi ne. Kashegari ma haka. Tun da na zo gidan nan amarya ba a taɓa dawo mini da tuwo ba a taɓa ba. Na zauna a bakin murhu da akushin a cinya na yi kuka, don na san me ake nufi. Rana ta uku na laɓe a zaurenmu, daga nan ana jin duk abin da ake faɗa a tabarmar.

Na ji Alhaji ya ce, “Magatakarda, in tsoro kake ji ka faɗa. Shekara nawa muna cin tuwo ɗaya ban kashe ka ba, sai yanzu a kan taki biyar na fadama?”

Malam ya ce, “Subhanallahi! Alhaji, wallahi ba haka ba ne.”

“To yaya ne?”

Na dafe bango ina cewa a zuciyata, faɗa masa, bawan Allah, faɗa masa. Can na ji Malam ya sa takalmansa.

Daga ranar ya daina fita ciyayya. Da safe na je zan leƙa Hajiya Kande na tarar an jingine turmi a bayan 'yar ƙofarmu.

Sati biyar ɗin da suka biyo baya ba na son tuna su. Malam yana cin kwaɗonsa shi kaɗai a ɗaki, yana jiyo dariyar abokansa ta katanga. Jikinsa kuwa ya karɓi abin: tumbin ya sauka, gyangyaɗin ya ragu, har wuyan ya fara washewa. Amma ramar da likita ke so ita ta zama abin magana a gari. A gidan suna na ji da kunnena ana cewa duk gudun da Magatakarda ya yi sai da aka same shi, dubi yadda riga ke yawo a jikinsa. Wa ya same shi? Ba a faɗi suna ba, aka dai kalli inda Hajiya Kande ke zaune. Matar da ko kazar wani ba ta taɓa jifa ba. Ta tashi ta ɗauki mayafinta ta fita, ba ta dube ni ba. Ni kuma ga girki biyu, ga miji mai fushi, ga ba wadda zan buɗe wa cikina. Na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ranar wata Laraba Malam ya ture kwanon zogale ya ce, “Hanne, na gama. Jibi Juma'a zan koma tabarma. Zan ci shinkafar Alhaji a gaban kowa, in shanye furar har ƙasan ƙwarya, in kuma ci gaba da sha kullum. Ba zan bari a riƙa kiran aminina mai sammu saboda ni ba.”

Na ce, “To ka faɗa musu gaskiya mana, Malam.”

“Wannan kuma a'a.”

“Wato ka gwammace ka bi Baba?”

Ya ce, “Kowa da ranarsa.” Ya juya mini baya.

Na san shi. In ya ce zai yi, zai yi. Ya fi son ya buɗe wa ciwon ƙofa da hannunsa da a ce ya buɗe baki. Ranar Alhamis bayan la'asar, yana zauren dagaci, na sa kafaɗa na ture turmin nan na shiga. Hajiya tana bakin rijiya tana wanki. Ta amsa sallamata ba ta ɗago ba.

Ta ce, “Lafiya?”

Na ce, “Ba lafiya ba, Hajiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. An hana ni faɗa, amma yau sai na faɗa.” Na kwashe komai na gaya mata, tun daga wuya har maganar likita. Ina jira ta yi mini faɗa, ko ta rungume ni. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta saki wankin ta zauna a ƙasa daɓas.

Ta ce, “Hanne, shi yana yawan shan ruwa?”

“Kaɗan-kaɗan.”

“Alhaji buta uku yake shanyewa kafin gari ya waye. In ya yi fitsari a makewayi, kafin ka juya kiyashi sun rufe wurin. Kuma kututturen rake ya soke shi a babban yatsa tun kafin shari'ar nan, har yau bai rufe ba. Kullum cikin safa yake.”

“Hajiya! Me ya hana ki faɗa?”

Ta dube ni, ido ya cika. “Ya ce kada wanda ya ji.”

Ta tsamo abin da take wankewa daga cikin baho ta miƙo mini. Tsumma ne. Ban kai shi hanci ba na gane warin.

Da Malam ya shigo ban jira ya zauna ba. Na ce, “Na faɗa wa Hajiya. In takarda za ka ba ni, alƙalami a aljihunka yake. Amma ka fara zuwa ka ce wa amininka ya cire safa.” Ya buɗe baki zai yi faɗa, na gaya masa abin da na gani. Ko hula bai ɗauka ba ya fita. Ban san abin da suka ce wa juna ba, bai taɓa gaya mini ba. Na dai san Juma'ar da ya ce zai sha fura, a layin kati suka yi ta, shi da Alhaji.

Ciwon Alhaji ya riga ya shigo har ya shimfiɗa tabarma. Aka cire yatsan, bai tsaya ba. Bayan sati uku aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Malam ya ce likita ya tambaye su me ya sa ba su zo da wuri ba, ko da wata biyu ne. Wata biyun nan na san inda suka tafi. Da ranar da muka dawo daga birni na shiga ta 'yar ƙofar nan na ce, Hajiya, kin ji abin da aka ce wa Malam, da ta yi mini tambayar da ta yi, tun yatsan yana yatsa. Mutane suna ce mini ƙaddara ce, na kuma yarda da ƙaddara. Amma har yanzu in na ji ƙarar sandar Alhaji sai in tuna “to” ɗin nan da na ce a cikin mota.

Suna can asibiti wata ukun Malam suka cika, aka sake gwada shi. Likita ya ce baƙon ya ja da baya, amma bai bar unguwar ba, kada a saki jiki. Da ya dawo ya je gaban dagaci ya faɗi komai da bakinsa, jama'a na zaune. Dagaci ya ce, “Allah ya sawwaƙe,” ya kuma ce daga yau duk wanda ya ga Magatakarda a ƙasa ya bar shi ya yi tafiyarsa. Shi ke nan. Ba wanda ya karɓe masa alƙalami. Abin da muka rufe wata biyu, ko minti biyar bai ci ba a zauren.

Mu matan gida huɗun muka zauna a tsakar gidan Hajiya muka daidaita. Malmala ta koma ƙarama a kowane akushi, miya ta ƙaru, kullum gida ɗaya ke fitar da kwaɗon ganye ko dafaffen wake, fura kuma ba a sa mata komai, mai son zaƙi ya sha a ɗakin matarsa. Mazan sun yi ta mita, wai an sa su takaba ba a yi mutuwa ba, amma akushi yana dawowa a sharce. Na daina ɗora tukunya biyu, yara ma suka saba. Ina gode wa likitan nan da ban san sunansa ba, da matan layinmu, da Hajiya Kande wadda ko sau ɗaya ba ta goranta mini ba. Malam ma yana yawan gode wa Allah da likita. Wadda ta tsinke zogalen unguwa kaf har ta koma na maƙwabta, ita har yau tana jiran tata godiyar.

Abin da zan ce wa 'yan'uwana mata ke nan. In an ce wa mijinki ciwon nan yana bakin ƙofa, rage tuwo da tafiya duk za a iya, da wuya amma za a iya. Ɓoyewar ce ba za ta yiwu ba, don a garinmu ba wanda ke cin tuwo shi kaɗai. Ki faɗa wa waɗanda yake ci da su tun ranar farko, ko zai yi sati ba ya miki magana. Ba ki san wa ke zaune kusa da shi da safa a ƙafa ba.

Alhaji ya dawo gida bayan wata biyu, ya rame, da sanduna biyu a hammata. Ba ya zuwa kasuwa yanzu, ɗansa ke riƙe da fadamar. Bayan sallar asuba sai a shimfiɗa masa buzu a ƙofar gida ya zauna yana jan carbi, wandon a naɗe a gefe ɗaya. Safiyar farko ina shara a zaure Malam ya fito zai tafi tafiyarsa. Na ga ya yi turus, kamar ya koma ciki. Yaya za ka wuce a ƙafa biyu ta gaban mutumin nan? Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, Malam yana ta kallon ƙasa.

Alhaji ya ce, “Magatakarda, ina ake kaiwa?”

“Bakin rafi ne kawai, Alhaji, in juyo.”

“Bakin rafi? Nan da nan?” Ya ɗaga sanda ya nuna hanya. “Ƙara gaba. Ka taka har da tawa.”

Malam ya juya da sauri ya kama hanya, na ga yana goge fuska da hannun riga. Ranar sai da hantsi ya dubi ludayi ya dawo. Shekara tara ke nan, kuma ban ƙara jin ya juyo daga bakin rafi ba.